Tsangayarmu Ta Sa Ni Cikin Mamata, Kuma Yabon Ya Yi Min Daɗi

Hajiya Munawwara, assalamu alaikum. Don Allah ki taimaka min da shawara kafin ƙarshen watan nan, domin ina cikin halin da na rasa ko dariya zan yi ko ƙara zan shigar. Ni lauya ne, shekarata goma sha shida da fara sa baƙar riga. Ina zaune a Birnin Kudu, ofishina ɗaki ɗaya ne a tsakanin shagon tela da na mai cajin waya, ranakun da ake zaman kotu a Gwaram kuma nakan hau bas in je. Ki kira ni Hadi. Ba sunana ba ne, sauran sunayen ma duk na sauya su. Matsalata a taƙaice ita ce na rasu shekara uku da suka wuce, kuma sai mako uku da suka shige labarin ya iso gare ni.

Wani direban bas mai zuwa Kano ne ya kawo min babban ambulan har ofis, ya ce a tasha aka ba shi a kai wa Barista Hadi. Bawan Allah ba ya karanta Turanci, da bai miƙo min yana murmushi ba, don a bayan ambulan ɗin an rubuta cewa saƙo ne zuwa ga iyalan marigayi. Ni na sa hannu na karɓa, har na ba shi na goro.

Takarda ce daga tsangayar shari'a ta jami'ar da na yi karatu, ana gayyatar iyalina bikin karrama tsofaffin ɗalibai. An haɗo da mujallar ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. A shafin farko ga hoton Zulkifli, abokin ɗakina na shekara huɗu, yanzu farfesa ne, ya yi kumatu ya yi tumbi, za a ba shi lambar yabo saboda littafin da ya rubuta a kan dokar kamfanoni. A ƙasa aka ce ya kafa kyauta ta shekara-shekara ga ɗalibin da ya fi kowa a wannan darasi, da sunan amininsa marigayi, wato ni. Hoton da suka sa nawa na katin shaidar ajin farko ne, wuyana kamar na zabuwa, lakatayen da na ɗaura a wuyan ma na aro ne. Ko da gaske na mutu, Hajiya, ban cancanci wannan hoton ba.

Bari in koma baya kaɗan ki gane. Zulkifli ɗan gidan masu hali ne, yana da kirki, amma dokar kamfanoni ta ƙi shiga kansa. Ni kuwa tun ina yaro nake bin Babana kasuwar Sara, na ga yadda mutum uku ko huɗu ke haɗa jari su sayi riɗi su ajiye, sai wanda ya fi zuba kuɗi ya riƙe makullin sito, ƙaramin cikinsu kuma sai dai ya ji labarin an sayar. Da wannan misalin na koya wa Zulkifli abin da ake nufi da zaluntar ƙaramin mai hannun jari, a kan tabarma, muna shan gari. A kansa kuma na rubuta kundin kammala digirina. Malaminmu ya ce in buga shi, na ce to, na sa shi a akwati, yana nan har yau tare da takardun haihuwar yara.

Da muka gama makarantar horar da lauyoyi wani babban ofis a Legas ya kira mu mu biyu. A makon ne Baba ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, ni ne kuma babba. Na ce wa Zulkifli ya yi gaba, wata uku zan yi in biyo shi. Baba ya yi shekara biyar a kwance kafin Allah ya karɓi abinsa. Kafin nan na yi aure, na buɗe ofis, na zama lauyan iyakar gona da rabon gado da shanun da suka shiga wake. Ba na raina aikin, akwai gonakin marayu da yawa tsakanin nan da Gwaram da ba don ni ba da sun tafi. Amma ba a buga hoton mutum a mujalla don ya ƙwato wa tsohuwa fadamarta.

Muna da guruf na 'yan ajinmu a waya. Kullum hoto ne, wannan a filin jirgi, wancan a taro a ƙasar waje ya rataya kati a wuya kamar saniyar da aka yi wa allura. Wata rana wani ya tambaya a fili ko har yanzu Hadi yana ƙauye, mutum shida suka sa alamar dariya. Na fita daga guruf ɗin a ranar. Shekara tara ke nan. Bayan haka aka zare min waya a kasuwa, na sauya layi, ban ba kowa ba. Zulkifli ya aiko min saƙo sau biyu ta hannun wani ɗan garinmu, ban amsa ba. Wannan laifina ne, na yarda.

Na bincika inda labarin mutuwar ya samo asali. Akwai wani makaniken babura a garin nan mai sunana, ana yi masa laƙabi da Barista saboda tsabar gardama, ba ya barin magana ta faɗi ƙasa ko da a kan farashin bakin mai ne. Allah ya yi masa rasuwa shekara uku da suka wuce, Allah ya jiƙansa. Wani ɗan ajinmu ya tsaya shan mai a hanyarsa ta wucewa, ya ji ana cewa Barista Hadi ya rasu, ya hau mota ya rubuta a guruf.

Ga abin da ke ci min rai. Birnin Kudu a bakin titi take, daga Kano ba ta wuce tafiyar awa biyu ba. Mun fi mutum ɗari a ajinmu. Cikin shekara uku ba wanda ya tako ya ce wa mahaifiyata ya haƙuri. Da mutum ɗaya ya zo, da ya same ni a ƙofar gida ina cin gyaɗa, magana ta ƙare. Hoton hannu biyu a ɗage suka tura a waya, suka koma harkokinsu.

Yanzu ga ɓangaren da nake jin kunya. Maimakon in kira su, sai na buɗe sabon shafi a Fesbuk da sunan Rabi'u Sara, na shiga dandalin tsofaffin ɗalibai ina karanta ta'aziyyata. Hajiya, ban taɓa sanin ni mutumin kirki ne haka ba. Wanda muka yi faɗa da shi a kan bokiti ya ce ban taɓa ɓata wa kowa rai ba. Zulaiha, wadda na yi shekara biyu ina bi ta ce in je in fara sayen takalmi, yanzu alƙaliya ce, ta rubuta cewa irina ba su daɗewa a duniya. Kullum bayan la'asar sai na rufe ofis na sake karantawa. Har na kai ga sa baki. Na rubuta cewa marigayin ya fi kowa iya dokar kamfanoni a ajin, har da wasu da ake karramawa yau. Na yi haka ne don in soki Zulkifli. Kafin magariba sai ga amsarsa a ƙasa: “Wannan gaskiya ne, ɗan'uwa. Duk abin da na sani shi ya fara koya min, kuma ban je na ga mahaifiyarsa ba saboda kunyar yadda na bar shi.” Na kashe wayar.

Amma kada tausayinsa ya kama ki tukuna. Na aika an sayo min littafin nasa daga Kano. Babi na huɗu kundina ne aka sa wa kwat. Kasuwar Sara na ciki, makullin sito na ciki, har wani tsohon dillali da na yi hira da shi a gindin tsamiya yana ciki. A gabatarwa ya faɗa cewa tunanin na amininsa marigayi ne, kuma ya ɗebo daga kundinsa da ba a buga ba. Bai ɓoye ba. To amma sunan wa ke bangon littafin? Wa za a kira gaban jama'a a tafa masa? Kuma da ya san ina da rai, zai rubuta wannan yabon, ko kuwa don ya san mamaci ba ya neman kasonsa ne?

A gida ma ba a bar ni na huta ba. Matata Kubra malamar sakandare ce, da na nuna mata takardar ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sai da ta kai kan rubutun Zulaiha dariyar ta tsaya. Yanzu ta ce sai ta je bikin. Ta riga ta kai leshi ɗinki. Hujjarta ita ce shekara goma sha uku da aurenmu ba a taɓa gayyatarta babban otal saboda ni ba sai da na mutu, don haka ba za ta bari ya wuce ta ba. Shawararta ita ce in bi ta a matsayin ƙanin marigayi, in zauna a layin gaba, idan aka ce a yi shiru na minti ɗaya don tunawa da ni sai in miƙe in ce a rage zuwa rabin minti, ina sauri. Ba zan ɓoye miki ba, na yi ta hasko fuskokinsu, kuma abin yana burge ni.

Inna kuwa, mahaifiyata, ba ta ga abin dariya ba. Kuka ta yi, ta sa aka toya waina aka raba sadaka, ta ce in kira mutanen nan su daina jawo wa ɗanta abin da bai zo ba. Kullum da safe sai ta tambaye ni ko na kira, ni kuma in ce layi ne ba ya shiga.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi ɗaure min hannu. A cikin ambulan ɗin akwai wasiƙa da rubutun hannu daga ɗalibar da ta fara cin kyautar, sunanta Sharifa, 'yar Kiyako ce, nan kusa da mu. Ta rubuta wa iyalina cewa ba don kyautar nan ba da ba ta san yadda za ta tafi makarantar horar da lauyoyi ba, kuma tana sa marigayi a addu'a bayan kowace salla. Ina tsoron idan na bayyana, kunya ta sa su soke kyautar gaba ɗaya, yarinya ta rasa saboda ni na ƙi zama a kabari.

To Hajiya, me zan yi? In yi shiru in ci gaba da zama mamaci mai daraja? In bi shawarar Kubra? In kai Zulkifli kotu a kan babi na huɗu, tunda aikina ne kuma na san hanya? Ko in kira shi, in ce masa me? Na ba mutane shawara shekara goma sha shida, yau ga shi tawa ta gagare ni.

Naki,
Marigayi mai cin tuwo sau biyu a rana, Birnin Kudu

*

Wa alaikumus salam, Barista. Barka da dawowa. Na daɗe ina wannan fili, amma kai ne mamaci na farko da ya rubuto min, kuma na ji daɗi da rubutunka ya fi na wasu rayayyu tsari.

Zan fara da inda kake da gaskiya. Abin da 'yan ajinku suka yi bai kyautu ba. Labarin rasuwa ba abin da ake ɗauka a gidan mai a watsa ba ne, balle a ce lauyoyi fiye da ɗari, masu cin abinci da neman hujja, ba wanda ya ce a tabbatar. Tsangayar ma da ta buga sunanka cikin mamata ba tare da ta tuntuɓi kowa ba, ta yi sakaci. Haushin da kake ji na rashin zuwa gaida Inna yana kan hanya, kada wani ya ce maka ƙananan rai ne.

Sai dai ka duba naka. Kai ka fita daga cikinsu, kai ka sauya layi, kai ka ƙi amsa saƙon Zulkifli har sau biyu. Shekara shida kana ɓoye kafin makaniken nan ya rasu, shi ya sa da labarin ya zo ba wanda ya yi mamaki. Mutum shida ne suka yi maka dariya, ka hukunta ɗari. Kuma ina ganin ba dariyarsu ce ta kore ka ba, kai ne kake ganin zamanka a gida faɗuwa ce. Wanda ya ajiye aikin Legas ya yi jinyar mahaifinsa shekara biyar bai faɗi ba. Ka daina tafiya kamar mai laifi.

Shawarar Malama Kubra ta ba ni dariya, amma ba za a yi ta ba. Daɗinta na minti biyu ne. Bayansa za a ɗauke ka a waya, ka zama abin nishaɗin ƙasa na mako guda, Zulkifli ya tozarta a ranar da ya kira iyalinsa su ga an karrama shi, yarinyar nan kuma ta tsaya a gaban jama'a riƙe da kyautar da ta zama abin ba'a. Sannan matar da mijinta ke raye ba ta shiga taro da sunan wadda aka mutu aka bari, ko da wasa. Leshin dai ta sa abinta, za ta je, amma a matsayin matar Barista mai rai.

Zama mamaci ma ba zaɓi ba ne. Da farko kuskurensu ne, amma tun daga ranar da ka sa hannu ka karɓi ambulan ɗin, shirun ya zama naka. Kai lauya ne, ka san wanda ya ga ana gina abu a kan kuskure ya naɗe hannu, shi ma yana da nasa laifin. Ga mahaifiyarka tana kwana da abin a rai, kai kana yi mata ƙaryar layi. Wannan ya fi babi na huɗu muhimmanci. Shi kuma Malam Rabi'u Sara a rufe shafinsa yau, kuma idan kun zauna da abokinka ka faɗa masa da bakinka cewa kai ne. Zai fi sauƙi ya ji daga gare ka.

Game da littafin, ban ga ɓarawo a nan ba, ban kuma ga wanda ya wanke sarai ba. Ɓarawo ba ya rubuta sunan mai kaya a shafin farko, ba ya kuma kafa kyauta da sunansa. Amma ko da ka rasu da gaske, kana da magada, ya kamata ya nemi izininsu kafin ya ɗebi aikinka, da ya yi hakan kuwa da tuni ya gano kana nan. Ka ciro kundinka daga akwati, ka ajiye shi gefe da babin, ka ja layi a duk inda suka haɗu. Ka nuna masa ku biyu, ba a kotu ba. Abin da za ka nema a fili yake: idan za a sake buga littafin a sa sunanka a kan wannan babi, a kuma gyara gabatarwar. Mutumin da ya amsa wa baƙon da bai sani ba cewa ka fi shi, a gaban dukkan abokansa, ba na jin zai hana ka wannan. Idan ya hana, ka san hanyar kotu fiye da ni. Tambayarka ta ko zai yabe ka da kana raye, ba ni da amsarta, kai ma ba ka da ita sai ka ba shi dama.

Kyautar Sharifa ba za ta mutu don kai ka rayu ba. Ta ci ta ne da ƙoƙarinta, kuma ana sa wa kyauta sunan mai rai. Ka sa wannan a farkon maganarka da Zulkifli da shugaban tsangayar, a rubuce, cewa kana son kyautar ta ci gaba, kalmar marigayi kawai za a goge. Ka nemi su buga gyara a mujallar. Ita kuma yarinyar ka rubuta mata da kanka kafin ta ji a bakin duniya, ka gode mata, ka ce ta ci gaba da addu'ar, mai rai ma yana buƙata. Kiyako ba nisa, idan ta zo hutu ofishinka zai koya mata abin da ba ya cikin littafi.

Kuma ka yi tunani a kan wannan. Aikin da ka yi kana ɗalibi ya isa ya zama babi a littafin da ake ba wa lambar yabo. Yanzu kana da shekara goma sha shida na rigingimun 'yan kasuwa da manoma a kanka, waɗanda farfesoshi ba sa gani daga ofisoshinsu. Lokacin da kake ɓatawa bayan la'asar kana karanta ta'aziyyarka, ka mayar da shi na rubutu.

Ka kira Zulkifli gobe da safe, Inna tana zaune kusa da kai don ta ji da kunnenta. Kada ka tsara dogon jawabi. Ka yi sallama, kuma kafin ka faɗi ko kai wane ne, ka tambaye shi ko yana tuƙi. Idan ya ce e, ka ce ya faka tukuna, kada a samu marigayi na gaske a cikin maganar nan.

Allah ya ƙara maka tsawon rai mai amfani, ya sanyaya zuciyar Inna, ya gyara tsakaninka da abokinka. A gaida Malama Kubra.

Hajiya Munawwara